Ninki Biyun Kalkuleta

Ranar wata Lahadi da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Hajiya mai gidan da muke haya ta tara mu a tsakar gida, ta ce za ta tafi wajen 'yarta da ta haihu, sai an kwana biyu. Magana biyu ta bar mana. Ta farko, ciki da falon nan na kusa da famfo, da babu kowa a ciki tun da ma'aikacin banki ya tashi, ba za ta ba kowa ba sai ta dawo. Ta biyu, tankin ruwa ya yi mana kaɗan, a sami wani ya tsaya a yi wanda ya fi shi, kamar ninki biyu. Duk wanda ya tsaya aikin ya yi kyau, in ji ta, za ta san da shi a maganar ɗakin.

Ba ta rufe baki ba Kalkuleta ya miƙe.

Kalkuleta a wani shagon kayan gini yake aiki, miƙo ƙusa da auna waya. Ya taɓa yin shekara guda a makarantar koyon fasaha kafin su rabu, kuma shi da makarantar kowa da yadda yake ba da labarin rabuwar. Biro ba ya barin bayan kunnensa, tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa, har wanka da shi yake shiga. In ka tambaye shi ya kwanan iyali, sai ya ce lafiya kashi tamanin da biyar cikin ɗari. A ɗaki guda yake zaune, can lungu, shi da matarsa da yara huɗu, biyu daga ciki tagwaye. Yakan ce ko a haihuwa shi ninkawa yake yi.

Maman 'yan biyu ta daɗe da sa ran ciki da falon nan. Kullum da safe sai ta share barandarsa ta goge, alhali ba wanda ya sa ta. Yaranta a jere suke kwana kamar an shanya su, babbar kuma ta fara girma. Da mijin ya miƙe, na ga ta kama bakin rigarsa ta ɗan ja. Ya fizge, ya ce wa Hajiya ta tafi da kwanciyar hankali, aikin ya faɗo hannun masu shi.

Tela, wadda ke ɗinki a ƙofar ɗakinta, ita ma tana son wurin, domin da kekenta suke raba gado. Ba ta miƙe ba. Zare kawai ta tsinke da haƙori, ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Washegari aka yi karo-karo, aka fara awo. Tsohon tankin akwatin ƙarfe ne, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, yana cin duro biyar. Ko makaho ya shafa zai gane haka, amma sai da Kalkuleta ya jira maza suka dawo daga aiki kafin ya zare tef. Ya karɓi alli a wurina, tun da a firamare nake koyarwa, ya tsaya jikin bango ya buɗe makaranta. Ya ce a ɗauka ruwan da muke da shi sunansa x. Abin da Hajiya ke so x biyu. To ina x yake? Yana cikin tanki. Ka ninka tanki, ka ninka x. Saboda haka tsawo mita biyu, faɗi mita biyu, zurfi mita biyu.

Direba, maƙwabcinsa na bango, ya tambaya ko wannan x ɗin ana sha ne ko na wanki ne kawai. Kalkuleta ya ce irin wannan tambayar ce ta sa wasu suka ƙare a bayan sitiyari.

Da yamma na same shi yana shan shayi a ƙofar ɗakinsa. Na ɗauko kwalin sukari mai ƙwaya, na ajiye ƙwaya ɗaya a kan faranti, na ce wannan tsohon tanki. Sai na jera biyu ta tsawo, biyu ta faɗi, na ɗora wani jerin a sama, na ce wannan sabon, ya ƙirga.

“Takwas,” in ji shi.

“To ka gani, Baban 'yan biyu. Ninki takwas za ka yi, ba biyu ba. Gefe ɗaya kaɗai za ka ninka.”

Ya yi mini murmushin tausayi. “Malama, wannan lissafin 'yan aji uku ne. Sukari daban, ƙarfe daban.”

Ya kwashe ƙwayoyin takwas ya zuba a shayinsa ya juya. Maman 'yan biyu ta raka ni har ƙofa, ta ce in yi haƙuri, in ya ɗauko abu ba ya jin kira, ita dai addu'a take yi.

Mai waldar da ya kai wa aikin bai yi gardama ba. Ya dubi zanen, ya tambaya otal ne ko asibiti. Kalkuleta ya dawo gida yana ba da labari cewa mutumin ya rantse bai taɓa ganin zane irin wannan ba tun da ya fara sana'a. Fallayen ƙarfen da ya lissafa suka ƙare aiki bai wuce rabi ba. Ya ce mai walda ne ke ɓoyewa a ƙarƙashin benci, ya je ya duba bai ga komai ba, ya koma shagonsu ya ƙaro.

Kafin nan ya riga ya sauke tsohon tankin ya jingine a bayan banɗaki, wai a share wa sabo wuri. Gidan ya tsaya cak babu ruwa. Matan gida muka koma ɗiba a maƙwabta, bokiti a ka, muna wucewa ta gabansa yana zaune yana zane a bango. Duk wadda ta yi tsaki sai ya ce ta yi haƙuri, wahalar yau da jin daɗin gobe ɗaya bisa goma ne.

Ranar da motar kaya ta kawo tankin, duk layin ya fito. Wani dattijo ya tambaya shagon waye. Mai gyaran takalma ya ce in haya za a bayar shi yana so, a buɗe masa taga kawai. Kalkuleta yana tsaye a bayan motar, hannu ɗaya a kan tankin, yana ɗaga wa mutane ɗayan.

Aka sauke shi a ƙofar gida. Ƙofar gidanmu mita ɗaya ce a faɗi, mita biyu a tsaye. Kowa ya dubi tanki, ya dubi ƙofa, ya dubi Kalkuleta.

Bai ko girgiza ba. Ya ce matsalar jama'a ba su san kusurwa ba. Ya ja tef daga kusurwar ƙofa ta ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, ya kira Direba ya karanta da bakinsa. Mita biyu da 'yan kai. Ya ce to, abin da yake mita biyu zai wuce ta inda ya fi mita biyu, a karkace kawai za a shigar da shi. Don ya nuna, ya sa aka ɗauko murfin tankin, wanda falle ne guda shimfiɗaɗɗe, aka karkata shi, ya wuce sumul. Wasu har suka tafa. Kalkuleta ya sunkuyar da kai ya karɓi tafin.

Sai aka zo kan tankin. Majiya ƙarfin layin suka kama, suka karkata, suka tura. Kusurwa ɗaya ta shiga, ta cije. Ya ce a ƙara karkatawa. Aka ƙara, ƙarfen ƙofa ya lanƙwashe. Ya ce a ja baya. Tanki ya ƙi baya, ya ƙi gaba.

“Ranka ya daɗe,” in ji Direba, yana share gumi, “murfin ba shi da tumbi. Wannan yana da shi.”

“Ku ne ba ku karkata daidai ba. Na ce digiri sittin, kun ba ni hamsin.”

“To zo ka kama nan, mu mu riƙe maka biron.”

Haka gidan ya toshe. Na ciki ba fita, na waje ba shiga. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki wajen Tela ta maƙale a ciki, mijinta yana waje a kan babur yana danna ham. Yaran da suka dawo daga makaranta ta kan katanga aka riƙa miƙa su kamar buhuna. Tela ta leƙo ta 'yar kafar da ta rage, ta ce a tambayi injiniya ko ita ma in ta karkata za ta wuce, tana son zuwa sayen zare.

Da rana ta yi sanyi ya aika aka kawo guduma. Maman 'yan biyu ta zo jikin katanga daga ciki, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma duk mun ji.

“Baban 'yan biyu, don girman Allah. Katangar Hajiya ce.”

“Ke ba ki gane ba. A cire katanga, a mayar da katanga. Ɗebewa da tarawa, sifili ke nan. Ba a yi komai ba.”

Aka fasa sifilin, faɗinsa ya isa mota ta shiga. Tanki ya shigo tsakar gida, ya cinye wurin shanya da wurin wanke-wanke da rabin hanyar banɗaki. Maman 'yan biyu ta tafi da ƙafarta ta ɗauko yayanta, wanda magini ne. Ya zo ya mayar da katangar, ya miƙe ƙarfen ƙofa. Ta roƙe shi ya tsaya ya gina inda za a ɗora tankin. Kalkuleta ya ce a'a, katanga aikin hannu ne, ginshiƙi aikin ƙwaƙwalwa. Yayan ya wanke cebur ɗinsa, ya dubi ƙanwarsa na ɗan lokaci, ya tafi.

Ginshiƙai huɗu ya tsara, tsayin kafaɗar mutum, a jikin bangon ciki da falon, don in sun tare ruwa ya zama a ƙofarsu. A shagonsu ya ji magina na cewa kwanon siminti ɗaya, kwanon yashi biyar. Ya ce wannan na ƙaramin kaya ne. Tun da nauyi ya ninka, dole kwaɓi ya ninka: ɗaya da biyar, in ka ninka, ɗaya da goma. Leburorin da ya ɗauko suka dubi juna, suka ci gaba da zuba yashi, tun da ba ɗakinsu ba ne. Kwaɓin ya fito fari-fari, yana wargajewa a cebur. Ya ce alamar ƙarfi ke nan, siminti mai kyau ba ya nuna kansa.

Ginin bai gama shan iska ba ya sa aka jingina katakai, aka sake kiran majiya ƙarfi. Tashin farko tankin ya sulalo baya ya bi ta kan kwanukan matar Direba. A na biyu ya hau. Kalkuleta ya buga ƙirji, ya ce yanzu saura abu mai sauƙi. Ruwan famfo da safe yake zuwa ya ɗauke. Tsohon tanki safiya ɗaya yake cika, saboda haka wannan safiya biyu.

Safiya biyu ta wuce, aka murɗa famfon tanki, ko ɗigo. Ta uku ma haka. Dalilin a fili yake. Gindin tankin ya yi faɗin tsohon sau huɗu, ruwa shimfiɗewa kawai yake yi a ƙasa, ga shi kuma bakin famfon ma ya ninka nisansa daga gindi, tun da komai ya ninka. Kalkuleta ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ji yana amsawa kamar ganga, ya ce akwai ɓarawon ruwa a gidan nan. Ya fito da kujera ya zauna gadi. Ya riƙa leƙa bokitin kowa. Ya tambayi Tela me ya sa kayanta kullum a wanke.

“Saboda ina ɗebowa a kaina daga gidan mutane,” in ji ta. “Ka tambayi wuyana, shi ma ya iya lissafi.”

Ana cikin haka Hajiya ta yi wa Tela waya ta ce gobe da hantsi tana hanya. Tela ta fito tsakar gida ta sanar, fuskarta a sake kamar an yi mata albishir. Maman 'yan biyu ta roƙi mijinta ya mayar da tsohon tankin tukuna, ko don Hajiya ta sami ruwan alwala. Ya ce ita matsalarta ƙaramin tunani, gobe war haka tana falo tana miƙe ƙafa.

Da safe ya sa farar riga, ya kira motar ruwa, ya bi layi yana gayyatar mutane su zo su ga buɗe tanki. Aka jefo mesa ta kan katanga. Mai motar ya tambaya duro nawa. Kalkuleta ya ce biyar sau biyu, ai ko yaro ya sani, goma. Aka zuba goma. Mai motar ya hau ya leƙa, ya ce ruwa iyakarsa gwiwa. Kalkuleta ya ce duron motar ne ƙanana, an saba cutar mutanen da ba su yi boko ba, a ci gaba da zubawa har sai ya ce a tsaya.

Aka ci gaba. Tsakar gida ta cika da 'yan kallo, wasu a kan katanga. Maman 'yan biyu tana barandar ciki da falon da tsintsiya, ta share ta sake sharewa. Can sai Tela ta nuna ginshiƙin da ke jikin bango da almakashi, ta ce wannan yana zubar da gari. Kowa ya duba. Yashi ne ke tsiyaya a hankali, yana taruwa a gindi. Direba ya janye matarsa da yaransa zuwa bakin ƙofa, sauran mutane suka bi. Ni ma na kamo hannun Maman 'yan biyu na ja ta. Kalkuleta ya ce ginin ne ke zama, duk gini mai kyau sai ya zauna.

A daidai nan Hajiya ta shigo, jaka a hannu, ta tsallake ruwan da ke ɗiga daga mesa. Ta tsaya. Ta ɗaga kai tana bin tankin da kallo har gyalenta ya zame.

Kalkuleta ya gyara murya, ya ce, “Hajiya, barka da sauka. Kamar yadda kika umarta, bisa ƙa'idar lissafi...”

Ginshiƙin ya zauna gaba ɗaya. Na kusa da shi ya bi. Tankin ya sunkuya a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ya ɗora kafaɗa a bangon falon, bangon ya buɗe masa. Murfi ya yi gefe. Ruwa ya shiga ta falo, ya zagaya ciki, ya ɓalle ƙofa ya fito, ya kwashi takalma da butoci da kujerar gadin, ya bi ta tsakanin ƙafafun jama'a ya fita titi. Mai motar yana waje bai san abin da ake ciki ba, mesa na ta feshi sama har sai da aka je aka buga masa ƙofa.

Ba wanda ya ji ciwo. Da ƙura ta lafa, sai ga tankin kwance, gefen da ya bugi bango ya lotsa ya naɗe ciki kamar zanen da aka ɗauko daga guga.

“To,” in ji Tela, “yanzu kam ya ninku.”

Dariyar ta faro daga kan katanga ta gangaro har titi. Hajiya ba ta yi ba. Tana tsaye cikin ruwa har idon sawu, jakarta a ɗage. Ta leƙa ta ramin bangon, ta ga silin ya rufto, ta juyo.

“Ɗan nan, ninki nawa na ce maka?”

“Biyu, Hajiya.”

“Wannan fa?”

“Biyu ne, Hajiya. Ta kowane ɓangare.”

Ya lalubi biro a bayan kunne, babu, ruwa ya tafi da shi. Duk da haka ya fara bayani. Ya ce lissafi bai yi kuskure ba, yashin ne ba na kirki ba, kuma ƙasar gidan tana da gangare da ba a gaya masa ba. Ya ce in aka ba shi dama zai raba tankin gida biyu, ya ɗora rabi a kan rufin Hajiya, nauyi ya ragu da kashi hamsin. Hajiya ta tambayi jama'a ko akwai wanda zai riƙe mata jaka. Direba ya karɓa da sauri. Ta cire takalminta ɗaya, Kalkuleta ya zagaya bayan tankin, ya ci gaba da bayanin daga can.

Maman 'yan biyu ta jingine tsintsiyar a abin da ya rage na barandar, ta tattara yaranta huɗu, ta shiga ɗakinsu na lungu ta rufe ƙofa.

A makon da ya biyo aka mayar da tsohon tankin mazauninsa. Hajiya ta gyara ciki da falon ta ba Tela. Ta ce ba mai sake fasa mata katanga, ba mai kawo mata wutar walda cikin gida, don haka aka tura babban tankin lungu, inda ba ya tare wa kowa hanya. Yana nan jingine da tagar ɗakin Kalkuleta, kuma su shida har yanzu suna cikin ɗakin.